Yadda na bi sawun matsalar fitilar injin sassaƙar ƙarfe a shagonmu

Fitilar da ke maƙale a jikin injin sassaƙar ƙarfe ƙaramar aba ce idan aka gwada ta da sauran injin, amma duk wanda ya taɓa faɗaɗa mazaunin boris a cikin gidan famfon ban-ruwa ya san cewa idan babu ita lalube ake yi. Hasken rufin shago daga sama yake saukowa, sai kan mai aiki da kafaɗunsa su tare shi daidai wurin da bakin wuƙa ke cin ƙarfe. A shagonmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, inda nake riƙe da babban injin, yawancin aikin da ke shigowa na irin wannan ne: shaf ɗin injin niƙa, duram ɗin birkin manyan motoci, da kayan famfunan masu noman rani da ake kawowa daga wajen Ajiwa da Jibiya. Fitilar ta fara ba mu wahala ne da shigowar hunturu, lokacin da aikin famfo ya fi yawa, kuma lokacin da muke tura rabin ƙofa saboda ƙura, shagon ya ƙara duhu.

Ba rana ɗaya ta mutu ba. Da farko ƙwai take ci fiye da ƙima, har ya zama sayen ƙwan fitila ya shiga cikin cefanen shago. Daga baya ta koma ƙiftawa, kuma na lura cewa ƙiftawar tana da lokacinta: idan keken da ke ɗauke da wuƙa yana kusa da kan injin, haske lafiya lau, da zarar na tura shi can ƙarshen gado sai hasken ya yi ja, ya ɗauke, ya dawo. A ƙarshe ta daina kamawa gaba ɗaya, ko an sa mata sabon ƙwai.

Ɗaya daga cikin yaran da ke koyon aiki ya kawo shawarar da kusan kowa zai fara kawowa. Ya ce, "Oga, mi zai hana mu jawo waya daga soket, mu ɗaura ƙwan ɗaki a nan mu huta?" Na ƙi, kuma na tsaya na yi masa bayani, domin na ga an yi hakan a shaguna da yawa. Wutar soket bolt 230 ce, ita kuwa fitilar injin an yi ta ne a kan bolt 24, kuma da gangan masu ƙera injin suka yi haka. Mai aiki yana kama kan fitilar ya lanƙwasa ta da hannun da ya jiƙe da ruwan sanyaya ƙarfe, cikinsa yana jingine da gadon injin, ƙafarsa a kan siminti mai danshi, ga ɓarɓashin ƙarfe mai zafi da kaifi yana zuba a kan wayar kullum. Masana lantarki suna ɗaukar abin da bai wuce bolt 50 ba a matsayin ƙaramar wuta. Idan waya mai bolt 24 ta fiƙe, mafi munin abin da ake tsammani shi ne fis ya ƙone. Idan ta 230 ce, gawa ake iya ɗauka. Da na kai maganar gaban Alhaji, maigidanmu, bai ja ba. Ya ce in tsayar da injin da safe in duba, amma in tabbata duram ɗin da aka yi alkawari ya fita kafin magariba.

Na fara da kashe babban makunnin injin, na kuma kashe na bango, sannan na gaya wa kowa kada a taɓa makunnin da ke sauya mu daga wutar layi zuwa janareta. Cikin akwatin wutar da ke bayan injin akwai layi uku masu bolt sama da 400 a tsakaninsu, saboda haka kafin in sa hannu na gwada mitata ta auna wuta a soket na ga tana aiki, na auna layukan uku a cikin akwatin na ga babu komai, na sake komawa soket na gwada ta. Mitar da batirinta ya mutu ko wayarta ta tsinke ita ma sifili za ta nuna maka, kuma ba za ta gaya maka dalili ba.

Ƙwan na fara cirewa. Irin ƙaramin halojin ɗin nan ne mai wutsiyar waya guda, wanda ake sa wa fitilar hazo ta mota. Zaren cikinsa bai tsinke ba, mita kuma ta nuna juriyarsa ga wuta ba ta kai om ɗaya ba, wanda haka ya kamata, domin zaren ƙwai idan yana sanyi juriyarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na yadda take idan ya yi zafi. Abin da ya tsayar da ni shi ne rubutun da ke gindinsa: bolt 24, wat 70. A jikin hular fitilar kuwa, bayan na goge baƙin mai da tsumma, abin da masu ita suka buga shi ne wat 50. Dalilin wannan saɓani ba ɓoyayye ba ne. Masu kayan manyan motoci su ne ke da ƙwai mai bolt 24 a garin nan, na motocin kuma wat 70 yake zuwa, don haka duk yaron da aka aika shi zai kawo. Lissafin mai sauƙi ne: wat 50 a kan bolt 24 yana jan amfiya biyu da ɗoriya, wat 70 kuwa yana kusantar uku.

Daga nan na koma akwatin. Injin namu ƙirar ƙasar Sin ne, tsoho, amma Allah ya taimaka zanen wayoyinsa yana nan manne a cikin murfin, ya yi ruwan ƙasa, ana dai iya karantawa. Zanen ya nuna ƙaramar taransifoma guda da ke karɓar wuta daga layi biyu, ta fitar da bolt 110 don kwantaktoci, wato makunnai masu maganaɗisu da ke tayar da motar injin, bolt 24 don fitilar aiki, da bolt 6 don ɗan ƙwan da ke nuna injin yana kunne. Kowace mafita da fis ɗinta, na fitila amfiya 3. Da na zaro mazaunin fis ɗin fitilar, babu fis a ciki. Zaren jan ƙarfe ne aka murɗa ninki biyu aka ɗaure daga wannan baki zuwa wancan, ya yi baƙi saboda daɗewa. Ban tsaya neman wanda ya yi wannan aika-aikar ba, domin injin ya bi hannaye kafin ya zo mana. Abin da ya dame ni shi ne dalilin da ya sa fis ɗin farko ya ƙone har wani ya gaji da sauya shi, tunda ruwa ba ya tsami banza. Na kuma shinshina taransifomar, na ga fentin da ke kan naɗin bolt 24 ya fi na sauran duhu, alamar ya sha zafi ba sau ɗaya ba.

Don in auna ta tana aiki, na maƙala bakin wayoyin mita a mahaɗar bolt 24 tun wuta na kashe, na janye hannuna, sannan na ce a kunna. Mita ta nuna bolt 26. Wannan ya kwantar mini da hankali ta gefe guda, domin naɗin bai ƙone ba, ya kuma bar mini tambaya ta ɗaya gefen, wadda na ajiye sai na gama da ta farko. Na rufe akwatin, na zagayo gaba, na auna a bakin holda, wato mazaunin ƙwan, ƙwai a cire, makunnin fitila a kunne. Nan ma bolt 26. Ga wuta a holda, ga ƙwai mai lafiya, na mayar da shi, fitila ba ta kama ba. Na kankare bakin holdar da sanfefa, na matse ɗan harshen da wutsiyar ƙwan ke shiga, duk a banza.

A nan ne na aika a kira mini wani dattijo mai wayarin da ke bayan layinmu, wanda ya yi shekarun ƙuruciyarsa a sashen lantarki na kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina, tun farkon buɗe shi a 1982. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wuta tana zuwa har holda, ƙwai lafiyarsa ƙalau, amma ya ƙi kamawa." Ya tambaye ni ko ƙwan yana ciki lokacin da na auna. Na ce a'a. Ya ce, "To, ɗana, ba ka auna komai ba tukuna. Mayar da shi ka sake." Na mayar da ƙwan, na tura siraran bakin mitar ta bayan holdar, sai ga bolt 26 ta koma ƙasa da biyu.

Bayanin da ya yi mini ya cancanci a rubuta shi, domin nan ne mitar zamani ke yaudarar mutane. Mita mai lambobi ba ta jan wuta sai ɗan mitsitsin da bai taka kara ya karya ba, saboda juriyarta tana kai wa om miliyan goma. Ko da waya ta tsinke saura gashi ɗaya da ya ƙone, ko ma ƙazantar gawayi ce kawai ta haɗa ɓangarorin biyu, abin da zai wuce ya ishi mitar ta nuna cikakken adadi. Ƙwai kuwa kusan amfiya uku yake nema, wannan 'yar hanya ba za ta iya ba shi ba. Ya kwatanta abin da bututun ruwan da ya toshe saura kafar allura: idan famfo yana rufe, ma'auni zai nuna ƙarfin ruwa cif, idan aka buɗe sai ɗigo. Ya ce shi a irin wannan bincike ya fi yarda da ƙwai mai waya biyu da yake yawo da shi a aljihu, domin ƙwai ba ya haske sai an biya shi haƙƙinsa.

Da wannan hanyar binciken ta miƙe. Muka bar ƙwan a ciki, makunni a kunne, muka riƙa auna kowane yanki daga farkonsa zuwa ƙarshensa, domin yankin da ke da lafiya kusan sifili zai nuna, wanda wutar ta maƙale a cikinsa kuwa shi zai nuna adadin da ya ɓata. Tsakanin ƙafafun makunnin da ke kan hular babu komai, wato makunnin ba shi da laifi, duk da cewa shi na fi zargi tun farko saboda ya yi sako-sako. A 'yar mahaɗar da ke bayan gado, inda wayar akwati ke haɗuwa da wayar fitila, bolt 26 tana nan daram. Da muka sa baki ɗaya a wannan mahaɗa, ɗayan a shigar makunni, mita ta nuna kusan bolt 24. Duk wutar a cikin wannan waya take tsayawa, wayar da tsawonta bai kai mita biyu ba.

Fitilar a bayan keke aka kafa ta, don ta riƙa bin wuƙa duk inda ta je, ma'ana wayarta tana lanƙwashewa tana miƙewa a duk zuwa da dawowar keken, shekara da shekaru. Muka kashe wuta, na kwance notocin gindin fitilar, na zaro wayar. Daga nesa ba ta da aibu. A hannu kuwa robarta ta ƙandare saboda mai da zafi, idan ka lanƙwasa sai ka ji tana ƙara, ƙananan ɓarɓashin ƙarfe sun nitse a jikinta. Daidai inda take shiga ramin gindin fitilar, zoben robar da ya kamata ya kare ta daga kaifin ramin ya daɗe da zagwanyewa, ƙarfen ya ci rigar waje, ya ci ta ciki. Da na tsaga wurin da reza, na tarar da gashin jan ƙarfen sun tsittsinke, kuma bakinsu ba irin na karyewa ba ne kawai, wasu sun narke sun yi 'yan dunƙule kamar kan ashana, robar da ke kewaye ta zama gawayi. A gefen ramin kuma ga ɗige-ɗigen baƙin tartsatsi.

Da ganin wannan labarin ya haɗu. Zanen ya nuna cewa ƙafa ɗaya ta bolt 24 an ɗaure ta da jikin injin, kamar yadda aka saba, don idan ɗaya ƙafar ta taɓa ƙarfe fis ya ƙone nan take. Fis ɗin farko aikinsa ya yi. Ƙwai mai wat 70 ya riga ya kai shi maƙura, taɓawar wayar kuma tana ƙarasa shi. Da aka maye gurbinsa da zaren jan ƙarfe mai kauri, sai wurin da ya fi rauni a duk hanyar ya koma gashin wayar da ke gogar ramin, suka riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da keke ya ja wayar, taransifoma kuma tana shan zafin kowace taɓawa. Da abin ya ci gaba, taransifomar ce za ta tafi, ita kuwa idan ta tafi kwantakta ba za ta kama ba, injin gaba ɗaya ya tsaya ke nan.

Ban yarda a yanke wurin a haɗa da salatif ba, ko da yake shi ne mafi sauri. Haɗi a kan wayar da ke motsi ba ya daɗewa, mai kuma yana narkar da gam ɗin salatif. Na sayo sabuwar waya mai rigar roba mai laushi da gashi sirara masu yawa, na zura ta cikin tiyo mai jure mai, na sa sabon zoben roba a ramin bayan na kashe kaifinsa da magagari. Na tura keken har ƙarshen gado kafin in yanke tsawon, na bar rara yadda ko a can wayar ba za ta ɗame ba, na kuma ɗaure ta da maƙali a gindin fitilar don jan ya tsaya a kan maƙalin, kada ya kai ga mahaɗa. Baba ya hana ni shafa dalma a bakin wayar da za ta shiga ƙarƙashin sukuru, ya ce dalma tana lotsawa a hankali sai sukurun ya saki, ga shi kuma tana sandarar da gashin su karye a inda ta ƙare. Ƙananan kawunan da ake matsewa muka sa. Fis mai amfiya 3 ya koma mazauninsa.

Saura tambayar da na ajiye, wato bolt 26 a wurin da aka rubuta 24. A gefen shigar taransifomar akwai mahaɗa fiye da ɗaya, an rubuta 380 a kan guda, 415 a kan wata, wayar kuma tana kan 380, yadda aka ɗaura ta tun daga ƙasar da aka ƙera injin, inda 380 ce wutar masana'antu. Da muka auna layinmu a safiyar nan, mun samu bolt 412. Taransifoma ba ta san komai ba sai rabo: idan abin da ke shiga ya haura da kashi takwas ko tara cikin ɗari, abin da ke fita ma haka zai haura. Ga motar injin wannan ba wani abu ba ne, ga ƙwai mai zare kuwa babban abu ne, domin sananne ne cewa ƙarin kashi biyar cikin ɗari kaɗai yana rage kusan rabin kwanansa. Idan aka haɗa da girgizar injin lokacin da ake cin duram mai tabo, da yaran da ke kama gilashin halojin da yatsu masu maiƙo, wanda ke sa gilashin ya yi tabo ya lalace da wuri, ba abin mamaki ba ne yadda muke sayen ƙwai.

Kafin in mayar da wayar kan 415 na yi jinkiri, domin bolt 110 ta kwantakta ita ma za ta sauka, kuma da yamma wuta takan yi ƙasa. Ƙa'idar da ake ƙera kwantakta a kai ita ce ta kama daga kashi 85 zuwa 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta mata. Kashi 85 na 415 ya kama kusan 353, kuma idan layi ya faɗi ƙasa da haka, ni da kaina ba zan so motar injin ta tashi ba, domin za ta ja wuta da yawa ta yi zafi. Janaretanmu a kan 400 yake tsayawa, wanda ke cikin iyaka. Muka sauya mahaɗar, fitila ta koma bolt 24 saura kaɗan.

Alhaji ya tambaya ko ba gara a sa irin fitilar LED ta zamani ba, tunda ba ta zafi kuma ba ta jin girgiza. Tambaya ce mai kyau, kuma nan gaba can za mu nufa, amma ba da irin waɗanda ke hannu a kasuwa ba. Na manyan motoci an yi su ne don wutar batir, ita kuwa taransifoma wuta mai kai-komo take bayarwa. Idan aka miƙar da bolt 24 ta taransifoma ta zama irin ta batir aka tace ta, tana haurawa sama da 32, alhali da yawa daga cikin fitilun nan iyakarsu 30. Idan kuma ba a tace ba, fitilar za ta riƙa ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, tunda wutar ƙasar nan sau 50 take juyawa. Ido ba ya ganin wannan ƙiftawar, amma a kan abu mai juyawa tana da haɗari. Cok, wato bakin injin da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙa, idan mai haƙora uku ne da ke gudun juyi 1000 a minti, yana matsawa kashi ɗaya cikin shida na zagaye tsakanin walƙiya da walƙiya, sai mai kallo ya ga kamar haƙora shida ne a tsaye cak. A shagon da ƙarar janareta ke rufe ƙarar injin, ba na son yaro ya miƙa hannu ga abin da ya ga kamar a tsaye yake. Zaren halojin ba ya hucewa tsakanin juyi da juyi, don haka haskensa ba ya yin wannan wasan sosai. Sai mun samu LED da aka rubuta a jikinta cewa tana karɓar wuta iri biyu kuma an yi ta don injin aiki.

Ƙwai mai wat 50 bai samu a Katsina ba a ranar, sai da muka ba wani direba saƙo ya sayo mana a Sabon Gari a Kano. Duram ɗin ranar da tocila na gama shi, yaro yana haska mini daga nesa da cok, domin ban so in ɗora wa sabon fis da gajiyayyar taransifoma ƙwai mai wat 70 ba. Da saƙon ya iso na sa ƙwan da takardarsa, ban taɓa gilashin ba, na kunna, na tura keken daga wannan ƙarshe zuwa wancan da hannu, sannan da gudun injin, ina lanƙwasa wuyan fitilar ta kowane gefe, hasken bai motsa ba. Na auna tsakanin hular fitilar da wayar ƙasa ta injin, na samu haɗin yana nan. Da la'asar sakaliya, lokacin da layi ya sauka zuwa wajen 385, na tayar da injin na tsayar a jere don in ji ko kwantakta za ta yi ɓari, ta kama tsaf kowane karo. Bayan awa guda fitila na kunne na kashe wuta na taɓa taransifomar, ɗumi kawai. A cikin murfin akwatin, gefen zanen, na rubuta da alƙalamin maka cewa shiga tana kan 415, fis amfiya 3, ƙwai wat 50, na kuma manna ragowar fis ɗin a ƙasan rubutun.